Ƙofar Ɗakin Gashi

Malamin yaƙi da jahilci na unguwarmu ne ya matsa mini sai na rubuta labarin zuwana Ingila, wai don masu koyon karatu su sami abin karantawa. Na gaya masa babu abin daɗi a ciki. Ya ce in rubuta haka nan. To ga shi. Ilmina aji uku ne na elementare, sauran a soja na tsinta. Wanda ya ga kuskure ya gyara da kansa.

Labarin tashi daga Lafia da zaman jirgin ruwa na bar shi, amai ne kawai da kallon ruwa. Dalilin tafiyar ne ya kamata a sani. Sunana Bukar, amma tun da na dawo daga yaƙin Bama, inda na yi aikin ɗaukar waɗanda aka harba, aka sa ni wankin miki a disfensaren Lafia, kowa Diresa yake ce mini. Ina da ya guda ɗaya, Yaya Fanna. Ita ta goye ni bayan rasuwar uwarmu, ita ta tsaya mini a aurena, kuma ba ta kama sunana, Soja take cewa. Wani ƙulli ya fito mata a nono. An yi jiƙo, an sha rubutu, an kai ta garin Ashige wurin wani mai tsaga, ƙullin sai ƙara tauri yake. Baturen likitan da ke zagayowa daga Makurɗi, wanda muke kira Mai Lofe, ya duba ta, ya ja ni waje ya ce ciwon daji ne, sai dai a yanke. Yaya ta ce ba za a binne ta da rabin jiki ba, kuma in ta faɗi magana ta faɗa. Sai Mai Lofe ya ce mini a ƙasarsu akwai injin da ke gasa irin wannan ciwo da wani haske da ido ba ya gani, har da makarantar koyon aikin a jikin asibitin jami'a. Ya ce wata rana gwamnati za ta kawo irinsa ƙasar nan, masu aikinsa ne babu. Ran da zai koma gida ya dafa kafaɗata ya ce, "Bukar, irinka ake nema. In ka taɓa zuwa Libaful, lalle ka neme ni."

A wurinmu in babban mutum ya ce ka zo, zuwa ake yi. Na sayar da gonata ta Shabu da kekena. Shirina shi ne in koyi aikin, in dawo da takarda, gwamnati ta ga akwai mai aiki ta kawo injin, Yaya Fanna ta zama ta farko da za a kwantar a ƙarƙashinsa. Na haura shekara arba'in a lokacin, kuma haka na tsara abin a raina.

Mun sauka Libaful cikin yayyafi. Ina tsaye da akwatina ina rawar sanyi, sai ga wani baƙin mutum cikin kwat da malafa, ya rungume ni yana ta "ɗan ƙasarmu, ɗan ƙasarmu" da Turancin barikin soja. Ya ce yana da ɗaki mai kyau, ya karɓi kuɗin haya tun a bakin ruwa, ya kai ni wani dogon gida mai warin kabeji, ya nuna mini gado. Ban sake ganinsa ba. Da gari ya waye wani ƙaton mutum ya tashe ni da ƙafa. Ashe gadon mu biyu ne: shi aikin dare yake, ya kwanta da safe, ni in kwanta in ya fita. Mai gidan kuma ba ta san da zaman mai malafa ba, sai da na sake biya. Wata takwas ko tara muka yi da mutumin nan a gado ɗaya, ban san sunansa ba. Abin da na sani shi ne in na dawo da yamma ina tarar da ɗuminsa a bargo, kuma a wannan gari na gode wa Allah da shi.

Gidan Mai Lofe yana bayan gari. Da ya buɗe ƙofa ya gan ni sai lofen ya kusa faɗuwa daga bakinsa. Ya shigar da ni ta madafa, matarsa ta ajiye mini shayi ta fita.

Ya ce, "Bukar, me kake yi a nan?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, kai ka ce in zo."

Ya daɗe yana kakkaɓe lofe a tafin hannunsa. Ya ce, "Haka ake faɗa wa mutum in za a rabu. Ban ɗauka za ka zo ba."

Na ce, "To na zo."

Ba zan ci amanarsa ba, ya yi abin da zai iya. Ya buga waya, washegari ya kai ni asibitin da kansa, ya miƙa ni ga shugabar sashen gashin ciwo, ya ba ni tsohon kwat ɗinsa. Daga ranar ban sake sa shi a ido ba, kuma ban koma gidansa ba.

Shugabar doguwa ce, busasshiya, kanta fari fat, kowa Sista yake ce mata. Kullum akwai farar safa a hannunta na hagu, na ɗauka yanga ce. Ta ce in kawo satifiket ɗina. Na fito da takardar sallamar soja da lambar yaƙi na ajiye mata a tebur. Ta duba su da kyau, ba ta yi dariya ba, ta mayar mini. Ta ce ɗalibanta duk sun gama sakandare, kuma karatun shekara biyu ne cur. Da na ji shekara biyu sai na tuna taurin abin nan da ke jikin Yaya. Ta ce abin da za ta iya shi ne ta ɗauke ni turin keken marasa lafiya, ta bar ni in zauna a bayan aji in aiki ya yi sauƙi. In rani nasu ya zo akwai jarrabawar shiga, in na ci za ta tsaya mini a gaban manyan makarantar.

Sannan ta kai ni ƙasa ta nuna mini ɗakin. A ƙarƙashin ƙasa yake, bangonsa kaurin ganuwa. Injin yana rataye a saman gado kamar ƙatuwar randa an kife ta a wuyan ƙarfe. Ƙofar an cika cikinta da dalma, sai ka sa hannu biyu da kafaɗa take motsi. A jikin bango akwai 'yar taga mai gilashi mai kauri, ta nan mai aiki yake leƙen mara lafiya. Ta maƙala mini wani ɗan fim a aljihun riga, ta ce shi yake tona asirin wanda hasken ya taɓa. Ta dafa ƙofar ta ce, "Doka ɗaya ce ba na yafewa. In injin yana aiki, babu mai rai a ɗakin nan sai wanda ke kan gado. Ka kwantar da shi, ka fito, ka rufe. Ko uwarka ce a kwance."

Na ce na ji.

Na ɗauka zan ga wuta, ko hayaƙi, ko mutum ya yi ihu. Babu ko ɗaya. Ana zana wa mutum layuka da shuɗin tawada a inda ciwon yake, a saita bakin injin daidai layin, a fito, a murɗa. Sai gunji kaɗan kamar na ƙudan zuma a kogon itace. Bayan ɗan lokaci a buɗe, in turo shi waje. Gobe ma haka, jibi ma haka, har makonni. Wasu na ga ƙullinsu ya narke kamar man shanu a rana. Wasu na daina ganinsu, in na tambaya a ce an mai da su sama. Duk macen da na tura mai ciwon nono, sai in riƙa satar kallon girman nata ina gwadawa da na Yaya.

A aji kuwa 'yan mata ne sa'o'in 'yata, ni ina can baya kusa da bututun ɗumi kamar wanda ya rako su. In ana zancen ƙashi da jijiya ina tare da su, don na ga cikin mutum a Bama fiye da yadda nake so. In malamin ya juya allo ya fara lissafin nisan haske da ƙarfinsa, sai in ji kamar an tura ni rijiya. Wata daga cikin manyan ɗaliban, Magi, mai jan gashi, ta lura da ni. Lokacin abincin rana sai ta zo ta zauna ta yayyanka burodinta tana nuna mini rabi, da rubu'i, da rabin rubu'i, in na gane ta ce in cinye. Da burodin yarinyar nan na koyi abin da aji uku bai koya mini ba.

Sanyi ya shigo sosai. In fita cikin duhu in dawo cikin duhu, rana ba ta fitowa balle in san azahar daga la'asar, sai na koma bin agogon bango. Salla a ɗakin ajiyar kwal nake yi, don nan ne ba mai tsayawa ya kalle ni. Abinci dankali ne da kabeji, an dafa su har sun mutu, babu yaji babu daddawa. Na yi mafarkin sakwara da miyar riɗi har na farka ina tauna bargo. A titi yara suna bin bayana suna tambayar wa ya yanka mini fuska. Watana biyar ban furta kalmar Hausa ko ɗaya ga wani mai rai ba, sai ni kaɗai in ina wanki.

Wata rana aka aike ni sama in ɗauko wani baƙin tsoho, aka ce ba a gane maganarsa don ciwon ya kama masa maƙogwaro. Na same shi a keke, ƙashi da fata, wuyansa ya kumbura gefe ɗaya. Ina tura shi sai ƙafar keken ta taka mini yatsa, na ce, "Wash, Allah!"

Tsohon ya juyo da dukan jikinsa. Ya ƙura wa zanen fuskata ido. Da wata irin murya kamar ana jan buhu a ƙasa ya ce, "Wannan zane na Barebari ne. Kai, Lafia?"

Na ce, "Lafia, Baba."

Ya bugi ƙirjinsa. "Ni Doma."

Tsakanin Lafia da Doma tafiyar rabin yini ce a ƙafa. Na tsaya a tsakiyar hanya, ma'aikata suna ratsa mu, na kasa tura keken. Sunansa Agbo, Alago ne. Ya bar gida tun jirgin ƙasa bai iso Lafia ba, ya bi jiragen kogi zuwa bakin teku, daga nan ya shiga manyan jirage yana zuba musu kwal har ƙarfinsa ya ƙare. Hausarsa ta kasuwa ce, ta kuma yi tsatsa, mace da namiji duk "shi" ne a bakinsa, amma a kunnena ta fi kiɗa.

Ya ce, "Barebari, kun zo da doki kun zauna ƙasan mu. Yau kai ne kana tura Alago a keke. Allah ya yi adalci."

Na ce, "Baba, da Doma gari ce ai da ba ka gudo ba."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

Aka zana masa layuka a wuya, aka kwantar da shi, aka ce ya ɗaga haɓa kada ya motsa. Muka fito. Ina jan ƙofar, tun ba ta gama rufuwa ba, sai muka ji ƙara. Tsohon da ba ya iya miƙewa shi kaɗai ya diro daga gado ya zo yana dukan ƙofar da hannu biyu. Da aka buɗe ya faɗo jikina, ya jiƙe sharkaf. Washegari aka ba shi maganin kwantar da hankali, aka sake gwadawa, haka aka yi. Sista ta sa in riƙa yi masa magana ta wani bututu daga waje. Bai ji ni ba ma, ihunsa ya rufe muryata.

Da na mai da shi sama ya gaya mini dalili. Lokacin yaƙi an harbi jirginsu suna ƙasa wurin wuta. Ruwa ya fara shigowa, na sama suka rufe ƙofar ƙarfe a kansu don kada jirgin ya nutse. Shi ya fita ta ramin zuba kwal. Abokan aikinsa yana jin su suna dukan ƙofar har suka daina. Ya ce, "Ni na san ƙaran ƙofa irin wannan. In shi ya rufe, ba a buɗe."

Sista ta ce in ba zai kwanta shiru ba babu yadda za a yi, hasken zai ƙone inda ba ciwo ya bar ciwon. Ta ce za a gwada mako guda, in ya ƙi a sallame shi. Na san abin da sallamar take nufi, don ko ruwa da ƙyar yake wuce masa.

Ya kama rigata ya ce, "Diresa, in kai ka tsaya, ni zan kwanta. A gida ana barin mai ciwo shi ɗaya? Faɗa mini. A Lafia ana yi?"

Ba a yi. Kowa ya san ba a yi. A wurinmu in mutum ya kwanta, akwai mai zama a gefen tabarma, ko ba shi da maganin ba shi, ko maƙiyinsa ne a kasuwa. A Bama ma ban taɓa ajiye mutum a daji na juya ba. Na je na roƙi Sista ta bar ni in tsaya da rigar dalma mai tare hasken. Ta ce a'a tun ban rufe baki ba, ta ce in na sake tambaya in ajiye mata farar rigar asibiti.

Na san abin da ke gabana sarai. Ga jarrabawa ta matso, ga Yaya Fanna tana jira, ga tsohon da ban haɗa kome da shi ba sai hanyar Doma. Na kwana biyu ina juya abin. Ban ce na yi dabara ba, ban kuma ce na yi kuskure ba. Abin da na yi kawai zan faɗa.

Lokacinsa da la'asar ne, sa'ad da Sista take hawa sama zagayen likitoci, Magi ce a bakin injin don ta kusa gamawa an yarda da ita. Na cire ɗan fim ɗin na sa a aljihun kwat a waje, na rataya rigar dalma. Magi ta tare ƙofa ta ce, "Bukar, ba zan murɗa ba."

Na ce, "To je ki gaya masa da bakinki ya koma gida ya mutu da ƙishirwa. Ni ba zan fassara ba."

Ta dube shi, ta dube ni, idonta ya kawo ruwa. Na shiga. Ita ta rufe mu.

Na tsaya ta wajen kansa, na tallafe masa haɓa da hannun dama don kada ya sauke, na ɗora na hagu a goshinsa. Da gunjin ya fara na ji jikinsa ya ɗauki rawa. Sai na ce, "Baba, tashi mu tafi Doma. Ga mu mun fito kasuwar Lafia, mun bar 'yan doya a hagu." Na bi da shi hanyar a hankali, na faɗi inda ake tsallake rafi, da inda mata ke sayar da kunu a gindin ɗorawa a hagun hanya, da gonakin riɗi in sun yi fure. Kafin mu kai rabi gunjin ya tsaya, ƙofa ta buɗe. Bai motsa ba ko kaɗan. Da na ɗaga shi ya ce, "Ƙarya kake, ɗorawan nan yana hannun dama." Na ce gobe sai mu duba.

Haka muka yi ta yi kullum. Ba mu taɓa isa Doma ba, lokacin ba ya kaiwa. Kumburin ya fara sauka. Ya sha ruwa ba tari, ya sha shayi, har ranar wata Lahadi na sami garin alkama mai tsaki-tsaki na tuƙa masa wani abu mai kama da tuwo, na yi miya da man gyaɗar kwalba. Ya ci loma huɗu ko biyar, ya ce matar da ta yi wannan a Doma sai a mai da ita gidan ubanta, ya miƙo kwano in ƙara.

Hannuna ne ya fara ƙaiƙayi. Gashin bayansa ya zube, fatar ta yi baƙi ƙirin, daga baya ta fara saɓulewa tana ruwa. Na naɗe da bandeji, aikina ne ai, wanda ya tambaya na ce tafasasshen ruwa ne. Da shi na shiga jarrabawa. Alƙalami yana ta zamewa, ruwan mikin ya ratso ya ɓata mini takarda. Sista ce ke tsaron ɗakin. Da aka tashi ta ce in biyo ta ofis.

Ta ce, "Kwance."

Na kwance. Ta juya hannun wajen taga. Ƙunar ta tsaya a kan layi miƙaƙƙe kamar an ja da rula, daga gindin babban yatsa zuwa wuyan hannu, har da kusurwa.

Ta ce, "Shekara talatin ina aikin nan. Ban taɓa ganin butar da ke ƙuna da kusurwa ba. Tsohon nan ne?"

Na ce shi ne. Na ce ni na tilasta wa yarinyar.

Ta ce, "Na san kai ne. Ita ma za ta maimaita rabin shekara, don ita ta murɗa."

Wannan ya fi ƙunar ciwo. Sista ta zauna, ta kama farar safar nan ta hannun hagu ta zare. Yatsu uku ne a hannun. Sauran biyun an yanke su daga tushe, fatar wurin tana ƙyalli kamar ta ƙadangare. Ta ce sa'ad da take yarinya da hannu suke ɗaukar ƙwayar hasken su sa wa mutane, don ba wanda ya san illarta, kuma su ma tausayi ne ya sa ba sa barin gefen gado. Ta ce waɗanda suka fara tare saura ita kaɗai. "Kana tsammani ni ba na jin su in suna kuka a ciki? Kullum ina ji. Ba zan ba da takarda ga mutumin da zai koma inda ba mai sa masa ido ya riƙa shiga ɗakin nan ba. Cikin 'yan shekaru za ka mutu, ka kuma koya wa na bayanka su mutu."

Ban musa ba, don gaskiya ta faɗa. Na ce, "Jarrabawar fa, na ci?"

Ta ce, "Ban duba ba, ba kuma zan duba ba."

Sai na ji bakina yana ba ta labarin Yaya Fanna, abin da ban taɓa gaya wa kowa a garin ba. Ta tambaye ni tun yaushe ƙullin ya fito, da girmansa sa'ad da na taho, da ko akwai wani a hammata. Na faɗa. Ta mai da safarta.

Ta ce, "Ko da ka ci, ko da ka fi kowa, injin ba zai same ta ba. Koma gida. Kada ka jira ƙarshen wata."

Ta buɗe kabad ta haɗa mini ƙunshin auduga da bandeji da wani ruwan wanki a kwalba, ta nuna mini yadda ake wanke irin wannan ciwo in ya fashe, da yadda ake rage warinsa. Ta wanke mini hannuna da kanta ta naɗe. Sannan ta karɓi farar rigar. A hanyar fita na gamu da Magi ɗauke da tire. Na ce ta yafe mini. Ta wuce ni da tirenta.

Baba Agbo saura masa 'yan kwanaki ya gama, amma da ya ji an kore ni bai sake yarda an saukar da shi ɗakin ba. Ya koma ɗan ɗakinsa na kusa da bakin ruwa. Shi ya aika aka kira masa wani tsohon abokin aikinsa, shugaban masu zuba kwal a wani tsohon jirgin kaya da zai tafi Fatakwal, ya ce a ɗauke ni in biya kuɗin jirgi da aiki. Ran da na je sallama muryarsa ta fara komawa yadda take da. Ya ce, "In ka je Doma, kar ka ce na mutu. Ka ce ina aiki." Na je Doma daga baya, na yi tambaya unguwa-unguwa. Ban sami wanda ya san shi ba balle in yi masa ƙaryar.

Da hannun nan na zuba kwal har Fatakwal, shebur yana buɗe mikin kullum. Ya warke daga baya, amma har yau wurin ba ya gashi, ba ya gumi, in sanyi ya zo ya tsage. Injin kuwa har ranar da nake wannan rubutu ban ji an kawo shi ko'ina a Arewa ba, Lafia ma ko lantarki ba mu da shi.

Jirgin ƙasa ya sauke ni Lafia da hantsi, lokacin sabuwar doya. Tun daga zaure na ji warin, na kuwa san shi daga asibiti. Matan gida suka taso da murna, suka tsaya da suka ga ba ni da kome sai akwatin da na tafi da shi. Ba zan zarge su ba, sun yi jinya har sun gaji, wasu amai suke yi in sun shiga. Sai ya zama ana ajiye mata kunu a bakin ƙofa, a gaishe ta daga tsakar gida. Na ga kwanon safe a wurin, ƙudaje sun rufe shi.

Na yi sallama na shiga. Tana kwance ta fuskanci bango, ta ƙanƙance kamar yarinya. Ta juyo a hankali.

"Soja?"

"Ni ne, Yaya."

"Ka rame. Ba su ba ka abinci?"

"Suna bayarwa, ba ya ciyuwa."

Ta dubi bayana, wajen ƙofa. "Ina injin?"

"Bai zo ba."

"Takardar fa?"

"Ba su ba ni ba."

Ta rufe ido. Na ɗauka za ta yi kuka ko ta yi faɗa, don ta san gonar Shabu ta tafi. Sai ta ce, "Dama na gaya wa Bature ba a taɓa ni."

Na buɗe ƙunshin Sista, na sa aka miƙo ruwan ɗumi, na ɗage zanen. Abin ya fashe ya ci har hammata. Na wanke yadda aka nuna mini, a hankali, na sa auduga na naɗe. Tana ta cije leɓe, ba ta yi ƙara ba. Da na gama ta kamo hannuna na dama za ta sa mini albarka, sai yatsunta suka tsaya a kan santsin tabon. Ta bi layin da babban yatsa har kusurwar.

"Wannan fa?"

"Wani tsoho na riƙe, mutumin Doma. An ce in fita in bar shi, ban fita ba. Shi ya sa aka kore ni."

"Ya warke?"

"A'a. Ya dai ci tuwo."

Ta daɗe tana riƙe da hannun. Daga tsakar gida wata ta ɗaga murya ta ce in fito in sha iska, an kawo mini ruwa, maƙwabta sun cika zaure suna jiran mutumin Ingila.

Yaya ta saki hannuna ta ce, "Je ka, Soja, warin zai kama maka kaya. In ka fita ka ja mini ƙyauren, ƙudaje suna damuna."

Na tashi na ja ƙyauren har ya rufe, na dawo na zauna a gefen tabarmar.